Kashi Biyu Cikin Takwas

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi. Wanda ya san ni zai gane ni ko ban faɗi suna ba. 'Yan'uwana mata sun karanta sun ce in saka. Ƙanina kuwa ya ce shi ba ruwansa, wanda a bakinsa wannan ita ce yarda.

A gidanmu na gado da ke Fagge akwai motar da ta girme ni da shekara goma. Fijo 404 ce ƙirar 1965, amma ba irin wadda Kanawa suka saba gani ba, ba tasi mai ƙofa huɗu ba, ba kuma a-kori-kura ba. Ƙofarta biyu, kuma ba ta da rufin ƙarfe, sai na yadi mai kauri da ake naɗewa a kwantar da shi a bayan kujera. Mahaifinmu, wanda duk gidan muke kira Malam, direban babbar mota ne, yana ɗauko gyaɗa daga ƙasar Damagaram ya sauke a Kano, jirgin ƙasa ya wuce da ita Ikko. A 1973, shekarar da fari ya cinye gyaɗar, wani Bafaranshe da ke aiki a Damagaram ya tashi komawa gida, ya sayar masa da motar da araha. Shekara guda kafin nan Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka sitiyarinta na hagu ya zo daidai. Malam ya biyo da ita ta Matameye da Kongolam da Daura, ya shigo Kano babu hula a kansa, iska ta ɗauke ta tun a hanya.

Mu biyar ne a wajen Hajiya: ni ne babba, sai mata biyu, sai ƙanina, sai auta. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi Malam zai naɗe rufin, ya loda mu a kujerar bayan da aka yi don mutum biyu, ya nufi Tiga da mu. Yaran unguwa na bin mu da gudu har bakin titi. Har yau in na ji ƙamshin kujerar da rana ta dafa gauraye da na fetur, sai in ji ni ɗan shekara bakwai. Hajiya kuwa ba ta taɓa shiga ba in rufin a naɗe yake. Takan ce ita ba za ta shiga motar da ba ta da rufin asiri ba. A lokacin dariya muke yi wa maganar.

A 1996 motar ta yi zafi a hanyar Zariya, gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga baƙin mai. Aka janyo ta aka tura gareji a kan gobe za a gyara. Goben nan ta kai shekara ashirin da huɗu. Kaji suka yi ƙwai a cikinta, aka jibge mata tsofaffin tabarmi da buhunan gawayi.

Malam ya rasu a 2012. Aka raba gado yadda shari'a ta ce, kuma namu lissafin mai sauƙi ne: komai kashi takwas, Hajiya tumuninta ɗaya, mata uku kowacce ɗaya, mu maza biyu kowa bibbiyu. Gida aka ce a bar shi tunda Hajiya na ciki. Mota ko zancenta ba a yi ba, wa zai tsaya raba tsatsa? Kuɗi kuwa, da yake ina da shago a Kantin Kwari kuma ana ganin kasuwa ta karɓe ni, sai kowa ya ce, "Yaya, riƙe ka juya mana." Ban roƙa ba, amma na ji daɗi. Wannan jin daɗin shi ne farkon ciwona.

Shekara uku abin ya tafi lafiya. Ina sauke shadda da atamfa daga Chana, abokan cinikina mafi yawa mutanen Maraɗi ne da Damagaram. A 2015 na karɓi kaya masu yawa bashi, bashin kuma na dala, ina lissafinta a kan naira ɗari biyu da 'yan kai. Kafin in gama biya, farkon 2017, dala ta kai wajen naira 500 a Wapa. Kayan na riga na sayar da su da tsohon farashi, wasu ma bashi na bayar. Ba ni kaɗai abin ya taɓa ba, kuma da a lokacin na tara 'yan'uwana na ce ga abin da ya faru, da asara ce ta kasuwa, kowa ya ɗauki rabonsa ya yi haƙuri. Ban yi haka ba. Duk azumi sai in yanko daga uwar kuɗin in aika wa kowa da sunan riba, har da buhun shinkafa da sukari. Suna sa mini albarka ina cewa amin. Ina gaya wa kaina cewa kaya ɗaya mai kyau zai mayar da komai.

A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, masu riƙe da kuɗina a tsallake suka daina zuwa, wasu suka daina ɗaga waya. A 2020 aka yi kullen korona. Ƙarshen shekarar na sayar da shago da gidana na biya 'yan kasuwa, don su ba sa jira kuma ba sa rufa asiri. Na kwaso iyalina muka dawo Fagge, na ce wa Hajiya gyara ake yi a gidan nawa. Na 'yan'uwana kuwa babu ko sisi.

Ba na son in tsawaita a kan watannin nan. Hawan jini ya kama ni, barci ya ƙaurace mini. In wayata ta yi ƙara na ga sunan ɗaya daga cikinsu sai cikina ya murɗa. Na taɓa zama na lissafa kuɗin mota zuwa Agadas, in ɓace kawai, a ce ya tafi nema. Da daddare in kowa ya kwanta sai in zagaya gareji, in ture buhunan gawayi, in zauna a mazaunin Malam in riƙe sitiyari. Ba addu'a nake ba, ba kuka ba. Nan ne kaɗai wurin da ba wanda zai tambaye ni yaya kasuwa.

Wata rana 'yan gwangwan suka leƙo suka taya motar naira dubu 180, su sassare ta su auna a kilo. Saura ƙiris in karɓa. Ɗan ƙanwata da ke jami'a ya ce in dakata, ya ɗauki hotonta ya shiga intanet. Shi ya fara gaya mini abin da muke kwana da shi ba mu sani ba. Fijo ta ƙera 404 sama da miliyan biyu da rabi, amma buɗaɗɗiya irin tamu kimanin dubu goma ne kawai, daga farkon shekarun 1960 zuwa 1968. Jikinta ma ba a Faransa aka buga shi ba, kamfanin Pininfarina ne a birnin Turin na Italiya, sannan a kai Faransa a sa inji. Ya nuna mini farashin da ake sa wa masu kyau a Turai, na juya shi zuwa naira, sai na ji kunnena na ƙara.

A daren na gama tsara komai. In tayar da ita, a cike ramukan da fila, a watsa fenti mai sheƙi, a ɗauki hoto, a sayar wa Bature, in toshe ramin da na haƙa kafin kowa ya leƙa. Ko a raina ban ce motar ba tawa ba ce.

Akwai wani tsohon bakanike, abokin Malam, da ya yi aiki a kamfanin haɗa Fijo na Kaduna tun farkon buɗe shi a 1975, daga baya ya dawo Kano ya buɗe gareji. Baba muke ce masa. Na ɗauko shi a adaidaita sahu. Ya zagaya motar sau biyu bai ce komai ba, ya durƙusa da ƙyar ya soka sukudireba a ƙasan ƙofa, ta shige kamar a tuwo. Na yi masa bayanin fila da fenti. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Ɗan Malam, motar nan ta mutum nawa ce?"

Na ce ai ta gida ce.

Ya ce, "Na san ta gida ce. An raba ta?" Na yi shiru. Ya ce, "Autarku mijinta ya rasu, da marayu a hannunta. Ni ba na sa wuta a kayan gado sai magada sun ce a sa. Je ka ji bakinsu, in sun yarda ka turo yaro."

Na ji haushinsa ƙwarai. Na je wajen wasu masu gyara biyu, kowannensu ya ce a kawo gobe, sati uku an gama. Amma ɗaya ya ce zai cire injin ya sa na Toyota, ɗayan ya ce zai yi mata rufin ƙarfe da walda don ta fi kyau. Na gane in ba Baba ba, abin da zai fito ba wanda zai saya. Kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne ya kai ni ɗakin Hajiya. Dole ce ta kai ni.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka haɗu. Na shirya maganar mota kawai, in ce ina son raya abin Malam. Ƙanina malamin makaranta ne, ba ya barin lissafi a buɗe. Ya ce, "Yaya, gyaran da kuɗin wa? Kuma in an gyara me ya sa za a sayar? In kuɗi ake nema a taɓa na wajenka mana, ni ma dama ina son nawa, zan fara gini." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki in kawo wata ƙaryar, sai na ji ba ni da sauran ko ɗaya. Na faɗa musu tun daga 2015.

Auta ta sa mayafi ta rufe fuska. Mai bi mini ta ce, "Yaya, ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Ribar nan da kake aiko mana duk azumi muna sa maka albarka, ashe daga jikinmu kake yankowa kana ba mu." Ƙanina bai ce uffan ba, ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Hajiya tana jan carbi, ba ta dube ni ba.

Bayan sati kawunmu ya zo da limamin unguwa. Aka rubuta abin da kowa yake bi na a takarda, da shaidu, kamar yadda ayar bashi ta cikin Baƙara ta ce, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Ƙanwata ta biyu ta ce ta yafe nata, kawu ya ce a rubuta duk da haka, in an kawo mata ta yafe da hannunta. Kashi biyuna na gida da na mota na sallama musu. Aka amince a gyara motar, mai bi mini da mijinta su riƙa ba da kuɗin kaya a cire in an sayar, ni kuma in ba da jikina, tunda shi kaɗai ya rage mini. Ƙanina ya aiko da sa hannunsa ta wajen kawu.

Haka na zama yaron gareji ina da shekara arba'in da shida. Yaran Baba, waɗanda na haifi kamarsu, sai su ce, "Alhaji, miƙo sifana sha uku." Watan farko in na hango wanda na sani daga Kwari sai in shige ƙarƙashin mota. Daga baya na daina, ba don na yi jarumta ba, na gaji ne da shiga da fita.

Inji ne ya fi sauƙi, abin da ban zata ba. Ya cije gam, Baba ya cire fulogai ya ɗura kananzir da baƙin mai a ramukan, ya ce a bar shi. Kullum da safe sai in sa dogon ƙarfe in gwada juya shi. Sati biyar bai motsa ba, ranar da ya motsa kuwa bai fi faɗin farce ba, amma na yi ta kiran yara su zo su gani. Injin 404 mai silinda huɗu ne, 1618cc, a kishingiɗe yake gefe guda, kuma silif ɗinsa zarewa ake yi a sa sababbi tare da fistin, ba sai an kai an rarake ba. Da yake ƙirarsa ɗaya da na sauran 404, mun samu yawancin kayan a Ƙofar Ruwa, sauran na hau mota na je Panteka a Kaduna na tono su cikin tarin ƙarafa. Mun kuma yi sa'a tamu mai kafireta ce, Solex. Akwai masu famfon fesa mai na Kugelfischer a madadin kafireta, Baba ya ce da irin wannan ce da sai dai mu yi mata salla. Abu ɗaya ya kafa mini doka a kai: kada in kuskura in zuba man giya na kasuwa a akwatin ƙafar baya. Haƙoran ciki na tagulla ne, wani man yana cinye su a hankali, ba za ka sani ba sai ta fara kuka.

Jiki shi ne azabar. Motar ba ta da shasi daban, jikin ne ƙashin bayanta. Mai rufin ƙarfe rufin na riƙe ta, wannan kuwa duk ƙarfinta yana daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, kuma nan ne ruwan sama na shekara ashirin da huɗu ya kwanta. Kafin a yanka komai Baba ya sa aka gicciya ƙarafa aka walde a bakin ƙofofin biyu da tsakiya. Ya ce in ka yanke ƙasan ba ka ɗaure sama ba, za ta lanƙwashe a tsakiya, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa ba har abada. Kuma ko fallen ƙarfe ɗaya na jikinta na waje bai yi daidai da na 404 ɗin da aka sani ba, balle mu je mu yanko a jikin wata. Sai dai a auna da kwali, a yanka sabon ƙarfe, a buga da guduma a kan kututture. Wani fallen sai mun yi sau huɗu. Hannuna da ya saba da murza shadda ya fashe, ya warke, ya yi kanta.

Baba yana da maganaɗisu na tsohuwar sifika da yake bin jikin motar da shi. Inda ƙarfe ne sai ya kama, inda fila ce sai ya zame. A bayan tayar hagu ya zame ya faɗi ƙasa. Muka fasa wurin, fila ta kai kaurin tafin hannu, a bayanta an cusa takardun siminti da jarida don ta samu abin kamawa. Na warware jaridar, ta yi ja ta ruɓe, amma ana iya karanta rabin sunanta: Ta Fi Kwabo. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gaskiyar ta ruɓe, kwabon ya rage."

Na kai wa Hajiya guntun takardar, don ban san Malam ya taɓa buga motar ba. Tun ranar Juma'ar nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, wata huɗu. Ta juya takardar ta ce a 1984 ne, lokacin da aka rufe iyaka aka canza kuɗi. Babbar motar da Malam yake ja ta haɗin gwiwa ce da mutum biyu, aiki ya tsaya, bashi ya taru. Ranar da ya tabbatar sun karye, da ya dawo gida ya ja da baya ya daki ginshiƙin gareji. Ta ce, "A daren ya faɗa mini. Da asuba ya je ya buga wa mutanen ƙofa ya faɗa musu. Shekara shida yana biya. Motar kuma ba shi da na gyaran kirki, ya kai aka cusa mata wannan." Ta miƙo mini takardar. "Ƙarfe ya yi wa ƙarya, bai yi wa mutane ba." Sai ta ce in je in ci abinci, an ajiye mini. Ina da shekara tara aka yi wannan, kuma Sallar shekarar ma an kai mu Tiga.

Inji ya tashi cikin azumin 2022, ana saura kaɗan a sha ruwa. Ya yi tari, ya yi hayaƙi fari ya cika garejin, sannan ya daidaita. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, sai ya sa a ajiye masa kujera kusa da bonet, ya ɗora tsinin sukudireba a kan injin, ƙotar a kunnensa, ya ce in juya sukurun kafireta kaɗan, in ƙara, in dawo. Yawancin abin da na iya a kunne na koye shi, don malamina da kunne yake koyarwa.

Gilashin gaba ya tsage, kuma shi ma nata daban ne. Ɗan ƙanwata ya rubuta wa wata ƙungiyar masu 404 a Faransa, yana fassarawa da waya. Wani dattijo a cikinsu ya yi murna da jin akwai irinta a Kano, ya samo mana gilashi da robobinsa na hannu, aka biyo da su ta Yamai. Suna isa aka yi juyin mulkin watan Yulin 2023, aka sake rufe iyaka. Gilashin ya zauna a ɗakin wani ɗan'uwan Hajiya a Damagaram, naɗe cikin bargo, har aka buɗe a watan Maris na 2024. Iyakar nan sau uku ke nan tana shiga tsakanin gidanmu da abincinsa.

Rufin kuwa wani mai kushin ne da ke ɗinka tamfol na adaidaita sahu ya yi shi. Mun miƙe ƙarafan, muka shimfiɗa tsohon yadin da ya rage ya zana a kai. Ya yi kyau daga nesa. In ruwa ya yi ƙarfi yana ɗiga a kafaɗar direba, har yanzu ban gano ta inda yake shiga ba.

Da aka gama aka yi mata fari irin nata na asali, muka aika hotuna Turai. A nan mafarkina ya ƙare. Masu sayen irin waɗannan motoci asali suke biya: ƙarfen Italiya, rufin kamfani, takardu tun na farko. Tamu rabin ƙasanta bugun Kano ne, rufinta ɗan'uwan na adaidaita, takardar Bafaranshen kuma gara ta cinye ta tun tuni. Dattijon nan ya faɗa mana gaskiya cikin ladabi, cewa in an cire kuɗin jirgin ruwa abin da zai rage ba zai kai abin da muke zato ba. Wani mai kuɗi daga Abuja ya zo ya taya, kuɗin bai kai sulusin abin da ake bi na ba. Na kwana biyu ban fita ba. Shekara uku da rabi ina buga ƙarfe, a can ƙasan raina ashe ban daina jiran kaya ɗayan nan mai kyau da zai mayar da komai ba.

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce tumuninta ba na sayarwa ba ne tana raye, wanda zai saya sai dai ya yanke nasa bakwai ya bar mata ɗaya.

Auta ta kawo shawarar haya. Yanzu masu biki suna ɗaukarta, ango da amarya su yi hoto, wani lokaci a kai su wajen dina a hankali, ni ne direba. Wasu angwayen 'ya'yan waɗanda muka yi maƙwabtaka da su ne a Kwari, ina buɗe musu ƙofa suna ce mini Baba direba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur yake cin kaso mai yawa, kuma da damina aiki ja baya yake. Akwai littafi a ɗakin Hajiya. Duk abin da ya shigo a cire mai da gyara, a raba wa masu motar, ladan tuƙina kuma a zuba a kan bashina, na auta ne a gaba saboda marayu. Ranakun da babu biki ina garejin Baba, wanda yanzu ba ya fitowa, masu tsofaffin 504 da 505 ni suke nema. Da wannan nake ciyar da gidana. Matata, wadda ta sayar da 'yan kunnenta na gwal a shekarar farko ba tare da na tambaya ba, ta ce ta fi son warin baƙin mai a kan mutumin da yake juyi har asuba. Na auta na kusa gamawa. Na sauran, in aka bi yadda ake tafiya, zan haura sittin ban gama ba.

Hajiya ta shiga sau ɗaya, muka kai ta gidan ƙanwarta a Gwale. Na tambaye ta ko in ɗaga rufin. Ta ce in bar shi, me ya rage da ba a gani ba.

Ƙanina ya yi shekara uku da wani abu ba ya yi mini magana in ban da sallama, a gidan suna ko a maƙabarta. Ban ga laifinsa ba, filinsa na nan da tubalin da ya fara ajiyewa, ciyawa ta rufe su. Bayan Babbar Sallar da ta wuce aka sa ranar 'yarsa ta fari. Ya aiko ɗansa da kuɗin hayar mota cif, ko naira bai rage ba. Na ce a mayar, ai da kashinsa a ciki. Yaron ya dawo ya ce babansa ya ce a rubuta a littafi.

Ranar ɗaurin aure da sassafe ina goge ta a ƙofar gida sai ga shi da babbar riga. Ya zagaya ta, ya shafa wurin nan na bayan tayar hagu, ban san ko Hajiya ta ba shi labarin ba. Ya buɗe ƙofar direba ya zauna, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa makulli. Ya tayar, ya tsaya yana saurare. Sai hannunsa ya tafi ƙasa neman giya, bai samu ba, don giyar 404 a jikin sitiyari take. Ya laluba, ya ja, ta yi ƙara.

Ya ce, "Yaya, ina ta baya take?"

Na zagaya na shiga ɗaya gefen, na ce ya taka kuloci sosai, na ɗora hannuna a kan nasa na kai shi wurin.